'Yan gwangwan: yadda ake gane ƙarfen da ke kisa ba tare da ya fashe ba, da abin yi idan an gamu da shi

A harkar gwangwan abubuwan da muke tsoro sanannu ne. Bam ɗin da ke ɓuya cikin lodin da ya fito daga wuraren da aka yi rikici, tukunyar gas da ba a gama juye ta ba, kayan sata da za su ja maka ofishin 'yan sanda, sai kuma yankan tsatsa. Duk waɗannan ko yaron da ya fara tura kura jiya ya san da su. Amma akwai wani abu guda da kusan ba wanda ke maganarsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Katako ta Yamai, alhali ya kashe masu irin sana'armu a ƙasashe da dama, shi ne ƙarfe mai fitar da radiyeshin, wato tururin nan na nukiliya. Ba ya wari, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ido ba ya ganinsa, zaka iya zama kusa da shi ka ci tuwonka ka sha shayi kana hira kuma a lokacin yana cin jininka da ɓargonka baka sani ba. Abin da yafi damuna shi ne siffar da ke sa ɗan gwangwan murna idan ya ga kaya, ƙaramin abu mai nauyin tsiya, a rufe ruf, da alamar akwai dalma ko kofa, wato jan ƙarfe, a ciki, to wannan siffar ita ce dai siffar abin nan.

Bari na fara da abin da ya faru a garin Goyaniya na ƙasar Birazil a watan Satumban 1987, domin duk wanda ya ji shi da kyau ya riga ya samu rabin darasin. Wani asibitin da ake gasa cutar kansa, wato ciwon daji, da radiyeshin ne ya tashi ya koma wani wuri, aka bar tsohuwar na'ura a kangon. Mutum biyu masu neman ƙarafa suka shiga suka kwance kan na'urar suka ɗora a baro suka kai gida. A ranar suka fara amai, ɗayansu hannunsa ya kumbura, da ya je asibiti aka ce wani abu ne ya ci. Suka ci gaba da dukan abin har suka huda shi, sannan suka sayar wa wani mai filin gwangwan. Da dare mai filin ya ga abin yana wani haske shuɗi mai kyau, sai ya ɗauka ya samu dukiya, ya shigar da shi cikin gida, ya kira 'yan uwa da abokai suna kallo, har ana gutsurar garin hodar da ke cikinsa ana rabawa. Ɗan uwansa ya kai wa 'yarsa mai shekara 6, yarinya ta yi wasa da shi ta shafa a jiki, ta ci abinci da hannun. Garin nan sinadarin siziyom-137 ne, kuma duka-duka bai kai giram 100 ba. Matar mai filin ce ta lura cewa tunda abin nan ya shigo gidan kowa ke ciwo, ta sa ragowar a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya ranar 28 ga wata. Ita kanta bata tsira ba. Mutum 4 suka rasu, ita, da yarinyar, da yaran filin guda biyu matasa. Sai da aka auna mutum wajen 112,000, aka samu 249 da garin ya taɓa, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin.

Ka duba inda aka yi ta samun damar tsayawa ba a tsaya ba. Amai ranar farko. Hannu da ya kumbura ba wuta ba kunama. Haske da dare. Kai shi cikin iyali. Ko ɗaya daga ciki aka gane da yarinyar nan bata mutu ba.

Kada kace ai wannan can ne wata duniya. A watan Disambar 2002 wasu ƙwayoyi biyu, wato ƙananan ƙarafa masu fitar da radiyeshin, da wani kamfanin aikin rijiyoyin mai ke amfani da su sun ɓata a yankin Neja Delta, daga baya sai a Jamus aka gano su cikin lodin tsofaffin ƙarafa. Kaga kenan ta hannun masu irin aikinmu suka bi. A Arlit ta Nijar kuma, garin haƙar yuraniyom, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun auna tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa a 2003 suka samu masu tururi a ciki, ƙarafan da mutane ke saye su yi rufi da kayan amfanin gida da su. Muna da matatun mai, kamfanonin siminti, masu shimfiɗa bututu, masu aikin titi, manyan asibitoci, ga masana'antun da suka mutu a Bompai da Sharaɗa da Kakuri ana ta yanka su ana sayarwa a kilo. Duk irin wuraren da ake samun abin ne.

Daga ina yake fitowa, kuma yaya kamanninsa

Ita ƙwayar kanta ƙarama ce ƙwarai, galibi farin ƙarfe ne mai sheƙi da bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Wadda ta faɗo daga mota a yammacin Ostireliya a Janairun 2023 milimita 6 ce da 8, amma sai da aka bi titi mai tsawon kilomita 1,400 ana nemanta har aka samu. Abin da yawanci zai zo hannunka shi ne gidanta, wato tukunyar dalma ko wani ƙarfe mai nauyi da aka kulle ta a ciki don ya tare tururin. Muddin tana ciki a rufe haɗarin da sauƙi. Ranar da aka sa guduma ko injin yanka ko wutar gas, ranar ce masifa ke fitowa.

Na asibitin gashin cutar kansa babban kai ne mai zagaye, nauyinsa ya wuce a ce mutum biyu su ɗaga, shi ne mafi muni, yawanci kobalt-60 ne ko siziyom a cikin tsofaffin. Akwai na masu ɗaukar hoton walda a jikin bututun mai da gas, wani ɗan akwati ne mai mariƙi a sama da makulli da wurin jona tiyo a gaba da baya, idan ka ɗaga sai ka ji nauyin ya fi ƙarfin girmansa, ƙwayarsa iridiyom-192 ce kuma tana maƙale a bakin wata gajeriyar waya mai lanƙwasuwa, idan ta faɗo ƙasa zaka ɗauka wani ɗan guntun kebul ne kawai. Akwai na masana'antu da ake ɗaurewa a jikin tanki ko bututu don auna cika ko kaurin abin da ke wucewa, dunƙulallen ƙarfe ne mai ƙusoshi da wani ɗan hannu na buɗewa da rufewa, sau da yawa fenti da ƙura da siminti sun rufe rubutun jikinsa. Akwai na injiniyoyin titi da suke auna taurin ƙasa da shi, akwati ne yawanci ruwan ɗorawa mai dogon sanda a tsaye. Akwai na rijiyar mai, dogon ƙarfe mai sheƙi. Sannan a ƙasashen da Faransa ta raina ana samun tsofaffin ƙarafan kare tsawa na saman gini masu ɗauke da radiyom ko amerisiyom. Bututun mai da aka daɗe ana aiki da su ma, wannan farin dattin da ke daskarewa a cikinsu yana iya ɗaukar tururi, shi ƙarfinsa bai kai na sauran ba amma kankare shi a bushe kana shaƙar ƙurar ba alheri bane.

Wani abu da ya kamata a bambance, na'urar ɗaukar hoton ƙirji ko karaya ta asibiti bata da ƙwaya a ciki, da wutar lantarki take aiki, an kashe ta shikenan. Haka tsohuwar talabijin da waya da firji, suna da nasu dattin amma ba wannan ba. Matsalar ita ce kai da kake tsaye gaban tulin kayan asibiti ba lallai ka iya bambance wannan da wancan ba, don haka duk babban inji daga asibiti ko jami'a ko ɗakin gwaji, kafin a sa masa wuta a tambayi wanda ya sani.

Alamar da ake bugawa a jiki kamar fanka ce mai fukafukai uku da ɗigo a tsakiya, baƙa ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa. Kowane yaro a filinka ya kamata ya san ta kamar yadda ya san farashin kilon kofa. Akwai sabuwa da aka fito da ita a 2007, jan kusurwa uku mai ɗauke da fankar da ƙoƙon kan mutum da hoton wani yana gudu, kuma dalilin fito da ita shi ne an gano cewa mutane da yawa basu san ma'anar tsohuwar ba. Duba kuma ɗan allon ƙarfen da ake mannawa a jiki, idan ka ga an rubuta RADIOACTIVE, ko Co-60, Cs-137, Ir-192, Am-241, Ra-226, ko lamba da Ci ko GBq a gabanta, ko baka iya karatun boko ba ka haddace kamannin rubutun. Amma dan Allah kar ka dogara da alama kaɗai, tana gogewa, tsatsa na cinye ta, wani ma da gangan yake ɓamɓare ta don kayansa su shige.

Sauran alamomin su ne nauyin da bai dace da girma ba, abu a rufe da walda ko makulli ba ka ga ta inda ake buɗe shi ba, dalma mai kauri da aka zagaye wani ɗan rami da ita, ƙarfe mai ɗumi alhali a inuwa yake ba wuta kusa, ko haske da dare. Maganar ɗumin nan ba wasa bace, a ƙasar Jojiya a Disambar 2001 wasu masu saran itace su uku suka tsinci wasu ƙarafa biyu a daji da suka narkar da ƙanƙarar da ke kewaye da su, suka kwana suna jin ɗumi da su a bayansu, suka ƙare da ƙuna mai tsanani, ɗaya daga baya ya rasu. Sai dai ka sani yawancinsu basa ɗumi basa haske, shiru suke. Mayen ƙarfen da ke aljihunka ma ba zai gaya maka komai ba a nan, aikinsa raba ƙarfe da alminiyom ne kawai.

Kada kuma ka ce ai ya tsufa ya mutu. Kobalt-60 sai ya shekara 5 da 'yan watanni kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, siziyom-137 shekara 30, radiyom shekara 1,600. Na'urar da ta yi ɓarna a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a birnin Delhi na Indiya a 2010 ta shekara sama da ashirin a ajiye ba a amfani da ita a wata jami'a, aka yi gwanjonta da takarda da komai, masu saye suka yanka, mutum ɗaya ya rasu wasu suka kwanta asibiti. Wato rasit da takardar gwanjo suna kare ka daga zargin sata ne kawai, ba sa kare jikinka.

Idan ka ga abin da kake zargi

Abu na farko, kar ka taɓa. Kar ka ɗaga don ka ji nauyi, kar ka ɗora a sikeli, kar ka ce bari na ɗan buɗe na leƙa. Ka ja da baya kai da kowa. Nisa shi ne babban maganin da kake da shi kuma kyauta ne, ga lissafin: abin da zaka samu a mita 1, idan ka koma mita 2 ya zama kashi ɗaya cikin huɗu, a mita 10 kashi ɗaya cikin ɗari. Ka juya lissafin kuma ka gani, idan abin yana manne da fatarka a tazarar santimita 1, abin da wurin ke sha ya ninka na mita 1 sau dubu goma. Shi yasa aljihu yafi ko'ina haɗari. A ƙasar Peru a 1999 wani mai walda ya tsinci irin gajeriyar wayar nan ta iridiyom a wurin aiki, ya jefa a aljihun baya na wando ya ci gaba da aikinsa na wasu awanni ya tafi gida da ita, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. A wani ƙauye na Masar a 2000 manomi ne ya tsinci irinta ya kai gida yana zaton abu ne mai daraja, shi da ƙaramin ɗansa suka rasu. Ɗabi'ar nan tamu ta tsintar ɗan abu mai sheƙi a jefa aljihu sai an tashi a duba, ita ce nake so a bari.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA tana ba masu kai ɗaukin farko shawarar a killace aƙalla mita 30 ta kowane ɓangare idan ana zargin ƙwaya ta fito ko gidanta ya lalace, idan gari ya zube ko akwai gobara sai a ƙara nisa sosai. To ka ja igiya ko ka jera tayoyi da duro daga nesa, ka sa babba ɗaya ya tsaya yana hana mutane, domin ka san halinmu, da an ce ga abin mamaki unguwa zata cika, yara ne a gaba. Mai shayi da mai abinci da ke gefen filin su matsa. Yaran da ke kwana a filin, wannan daren su nemi wani wuri. Bayan nisa, abu na biyu shi ne lokaci, minti ɗaya kusa da shi ba ɗaya yake da kwana kusa da shi ba, kuma yaran nan masu shimfiɗa kwali su kwanta a gindin tulin kaya su suka fi kowa daɗewa a wurin. Idan akwai katangar bulo ko siminti ka sa ta tsakaninka da shi. Safar hannu, takunkumi, takalmin roba, duk suna da amfani wajen ƙura amma tururin nan mai ƙarfi da ake kira gama yana ratsa su kamar babu.

Idan kana son hoto don nuna wa hukuma, ɗauka daga inda kake ka jawo shi da waya, kar ka matsa.

Yanzu ga inda nafi jin tsoro. Mutum ya gane abin da ke hannunsa, sai tsoron hukuma ya kama shi, sai ya ce bari na rabu da shi a ɓoye. Ya jefa a rijiya ko kududdufi, ko ya binne a bayan fili, ko ya mayar bola, ko mafi sauƙi ya cusa shi tsakiyar lodin tirela mai tafiya Legas ko Ogun ya karɓi kuɗinsa. Wallahi duk wanda yayi haka da sani ya ɗauki alhakin rayukan da bai san adadinsu ba. Na bola wani yaron ne zai sake tsinta gobe. Na rijiya unguwa ce zata sha. Na tirela kuwa, direba da yaron mota zasu kwana biyu uku da shi a bayansu, sannan idan ya shiga tukunyar narka ƙarfe ya gauraye da rodi. Haka ta faru a Siyudad Huwares ta Meziko a ƙarshen 1983, an sayar da na'urar kobalt ga filin gwangwan, ƙananan ƙwayoyi wajen 6,000 suka watsu, aka narka aka yi rodi da ƙafafun tebur, ba wanda ya sani sai a Janairun 1984 da wata motar rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar nukiliya ta Los Alamos a Amurka na'ura ta yi ƙara. Ɗaruruwan gine-gine aka rushe. A Taiwan mutane sun shekara kusan goma a cikin gidajen da aka gina da irin wannan rodin kafin a gano a 1992. Mu kuma ga masu zubin tukwane da ludaya da ke saye a hannunmu kai tsaye, abin da suka narka a cikinsa ake dafa abinci.

Don haka a kira hukuma. A Najeriya masu alhakin wannan su ne NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya, hedikwatarta na Abuja kuma tana da ofisoshin shiyya. Idan baka da hanyarsu ka kira 112, ko 'yan kwana-kwana, ko sibil difens, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka faɗa musu ƙarara cewa kana zargin abu mai radiyeshin ne kuma a sanar da NNRA, kar wani ya zo ya ɗauka ya sa a bayan mota ya kai ofis a matsayin shaida. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, suna da masana da na'urorin awo. A Nijar akwai hukumar ARSN mai kula da harkokin nukiliya, kuma lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Za a yi maka tambayoyi, wa ya kawo, daga ina, yaushe, wannan dole ne, shi yasa nake ganin ya fi kyau ka tafi da shugaban kasuwa ko na ƙungiyar 'yan gwangwan irin su NASWDEN kar ka tsaya kai kaɗai, kuma shi yasa littafin rubuta sunan mai kawo kaya da lambar wayarsa da lambar mota yake da rana. Asarar kuɗin da ka saya kuwa, ka haƙura da ita.

Idan an riga an buɗe ko an taɓa

A daina aiki nan take a kashe injin yanka. Ba ci ba sha ba taba ba goro a wurin, kar hannu ya je baki. Duk wanda ya taɓa ko gari ya zubar masa ya tsaya a gefe guda can nesa da abin, kar ya hau babur ya tafi gida ya rungumi yara. Ya cire kayan jikinsa a hankali ba tare da kakkaɓewa ba, a sa a leda a ɗaure a ajiye nesa, cire kayan kaɗai yana raba mutum da mafi yawan ƙurar da ke jikinsa. Sai wanka da ruwa da sabulu a hankali har da gashi da ƙarƙashin farce, ba dirza da soso mai kaushi ba don kar fata ta fashe abin ya shiga. Kar a share wurin da tsintsiya, kar a watsa ruwa ya gangara kwata. Wani ya zauna ya rubuta sunan duk wanda ya kusanci abin, da tazarar da ya tsaya, da tsawon lokacin da yayi, da lokacin da ya fara amai idan yayi, likitoci suna amfani da lokacin fara aman nan su ƙiyasta yawan abin da mutum ya sha. Mun ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 saboda an riƙa kai dutsen zinari cikin gida ana niƙawa, guba daban ce amma hanyar shigarta gida ɗaya ce, ta jikin maigida da kayan aikinsa.

Wanda tururi kawai ya ratsa ba gari a jikinsa, ba ya shafa wa kowa, ba annoba bace, kar a guje shi a bar shi ba mai jinya.

Alamomin a jiki suna da yaudara sosai. Tashin zuciya da amai cikin 'yan awanni, gudawa, ciwon kai, kasala, wanda duk zamu ce maleriya ce ko taifot ko abincin jiya. Sai mutum ya ji sauƙi na wasu kwanaki har ya koma aiki, ana cewa Alhamdulillah ya warke, alhali a lokacin jininsa ke ƙarewa. Bayan sati biyu zuwa uku sai gashi ya fara zuba, dasashi na jini, haɓo, zazzaɓi mai zafi, gyambo a baki. Fata kuma ta yi ja ta yi bororo kamar ƙunar wuta a tafin hannu ko cinya ko inda aljihu yake, kuma mutum ya rantse bai taɓa wuta ba, ciwon yaƙi warkewa. A nan ne wasu zasu ce jifa ne ko sammu ko an taka sawun aljanu, a tafi neman magani wani wuri lokaci na ƙurewa. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta a hanyar asibiti. Babbar alama ita ce mutum biyu uku a fili ɗaya ko gida ɗaya su kama amai tare bayan shigowar wani kaya. A Samut Prakan ta Tailan a farkon 2000 haka aka yi, masu tsintar ƙarfe suka kai kan na'urar kobalt filin gwangwan, aka yanka da wutar gas ƙwayar ta faɗo cikin tulin kaya ba wanda ya lura, aka ci gaba da aiki kusa da ita sama da sati biyu ana ciwo ɗaya bayan ɗaya, sai da likitoci suka haɗa labarin marasa lafiyar sannan aka gane. Mutum 10 suka jikkata, 3 suka rasu.

Madara da manja da muke ba wanda ya sha guba ko ya shaƙi hayaƙi basa yin komai a nan. Kar a tsaya a kemis. A tafi babban asibiti, idan da hali asibitin koyarwa, kuma ka buɗe baki ka gaya wa likita: sana'ata gwangwan ce, ranar kaza na buɗe wani ƙarfe mai nauyi mai kama da kaza, mu kaza ne a wurin. Yawancin likitoci basu taɓa ganin irin wannan ciwon da idonsu ba, idan baka faɗa ba maganin zazzaɓi za a rubuta maka. Ka roƙi a auna jini a sake aunawa, domin raguwar fararen ƙwayoyin jini ita ke tona shi.

Maganar na'urar awo

Ga masu manyan filaye da dilolin da ke cika tirela, na'urar auna radiyeshin ta hannu ba kayan alatu bace, kuɗinta bai kai ribar lodi ɗaya ba, kuma idan mutum ɗaya ba zai iya ba layi guda na kasuwa zasu iya haɗa kuɗi a ajiye ta wurin mai sikeli. Yadda ake aiki da ita ba wuya. Kunna ta can nesa da kaya ka ga lambar da take nunawa, domin ko'ina a duniya akwai ɗan tururi na halitta daga ƙasa da sama, yawanci tsakanin 0.1 zuwa 0.3 na ma'aunin maikrosibat a awa, wurare irin su Jos da ke da tarin ƙasar haƙar kuza kan ɗan fi haka. Wannan lambar ita ce ma'auninka. Bar ƙararta a kunne, ka tunkari motar a hankali da na'urar a gabanka, ka zagaya jikin bodin kana tafiya sannu-sannu, sama da ƙasa, ba wai ka wuce da sauri ba. Idan lamba ta ninka ta farko sau biyu ko uku, ko ƙarar ta fara sauri tana ƙaruwa duk taku, tsaya nan ka koma baya, ba aikinka bane ka tono ka ga menene. Wasu ƙananan na'urori masu arha idan tururi yayi musu yawa rikicewa suke su koma nuna ƙaramar lamba, to idan ta haukace sannan tayi shiru kar ka ɗauka an wuce wurin. Manhajar waya da ake cewa tana awo kar ka jingina ranka da ita. A riƙa duba batir, a kuma kai ta wurin masana lokaci-lokaci su tabbatar tana faɗin gaskiya.

Sannan a auna kaya sau biyu, lokacin da suka shigo a mota da kuma bayan an sauke an baje, saboda ƙwayar da ke kulle cikin dalmarta a tsakiyar tan ashirin na ƙarfe tana iya wucewa na'ura bata ji ba, sai an baje ido ya gani. Oga ya kafa doka a filinsa cewa duk abin da yake a rufe kuma ba a san menene ba, yaro ba ya yanka shi sai an nuna wa babba, kuma yaron da ya tsayar da aiki saboda zargi ba za a zage shi ko a yanke masa kuɗin ranar ba ko da ya zama ba komai bane, in ba haka ba gobe shiru zai yi ya sa wuta. A buga hoton alamomin nan biyu babba a manna a jikin sikeli inda duk mai kawo kaya zai tsaya, a ƙasa a rubuta lambar shugaban kasuwa da 112, da boko da ajami.